Ranar da Magaji Ya Kori Matan Barka

A Damri babu wanda bai san Magaji ba, sai dai baƙo, shi ma kafin ya gama shan ruwa an ba shi labari. Tsoho ne irin na da, irin da aka daina yi. Agana ta kama shi yana yaro, ta gaji ta sake shi, iyakarta zane a fuska. Jirgin fito ya kife da shi a gulbin Maradun, ya fito gaɓa da hularsa a kai. 'Yan bindiga sun kora su daji shi da samari majiya ƙarfi, samarin suna zubewa, shi kuwa ya dawo gida da ƙafarsa, har da sandarsa. Bai taɓa zama a aji ba, bai san zafin allura ba. Abu guda ne ke kayar da shi, ƙazanta. Mutumin da ya kalli bakin bindiga bai ƙifta ido ba, in ya ga ƙuda a bakin ƙwarya to shi da furar nan sai gobe.

Jikarsa Hamdiyya a hannunsa ta tashi, don uwarta ta rasu tun tana rarrafe. Yana ce mata amaryata, tana ce masa tsohon ango. Da ta yi aure a Maradun, ciki ya tsufa, sai aka dawo da ita gida haihuwar fari kamar yadda aka saba. Allah ya sauke ta lafiya, ɗa namiji.

Daga nan gidan Magaji ya daina zama nasa. Mata suka cika shi. Hajiya Fatima, uwar mijin Hamdiyya, ta taso daga Maradun da tawagarta, ta shiga ɗakin mai jego ta zauna a bakin gado, zama irin na wadda ba ta da ranar tashi. Hindu, ƙanwar Magaji, ita ce ungozoma, ita ke da iko da wuta da tukunyar wanka. Hayaƙi, ƙarnin jego, warin tsumman jinjiri da aka shanya a kan danga, tofin goro ja a gindin kowane bango. Magaji ya ja tabarmarsa daga tsakar gida zuwa zaure. Warin ya bi shi. Ya sake ja zuwa gindin darbejiyar ƙofar gida, yana tsaki.

Daga can yake jin matan da ke fitowa suna yabo.

"Ke, yarinyar ga akwai kunya. Ko kallon jinjirin ba ta yi."

"An miƙa mata shi ta kau da kai. Ɗiyar mutunci ke nan. Ɗan fari ai ba a rawar kai da shi."

Magaji ya ji daɗi, ya gyara zama. Renonsa ne. Abin da bai gane ba shi ne kukan jinjirin, wanda ba ya yankewa sai dai ya dushe. Da ya tambaya aka ce ana ba shi madarar akuya a cokali, kafin dakashi ya wuce, wato ruwan nonon farko mai kauri da tsofaffi ke cewa dauɗa ne.

Ana sauran kwanaki suna, da hantsi, Hindu ta fito ta durƙusa gefen tabarmarsa. Tun kafin ta buɗe baki hancinsa ya gaya masa akwai magana.

"Yaya, nonon yarinyar ga ya ɓaci."

"Ja baya tukuna. Mi kika taɓa?"

"Kashin shanu ne da kanwa, munka shafa mata. Sun kumbura, Yaya, sun yi tauri awa dutsen niƙa, har hammata. Yaron in an kai shi ba ya iya kamawa, sai ya zame. Munka matsa kaɗan a ludayi da ƙyar, munka jefa tururuwa, ba ta fito ba. Nan ta mace. Hajiya ta ce jikanta ba ya shan nonon da ya kashe tururuwa."

"Ke in anka jefa ki rijiya fitowa za ki yi?"

"Kai dai komi wasa. Mugun jini ne ya taru. Sai an tsaga an sa ƙaho."

Tsaga kam Magaji bai ga laifinta ba. Bayansa kamar gonar da aka yi wa kunya-kunya, tun daga wuya har ƙugu, kuma ga shi daram, ya binne sa'o'insa duka. Ya ce a kira Buba wanzami.

Buba ya iso rana ta ɗaga, da zabirarsa a kafaɗa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gona da ruwan madatsa da gajiyar kasuwa. Sannan ya zauna a bakin tabarmar ya zazzage kayan aiki.

"Ka yi sa'a, Baba Magaji, yanzu na sauka daga Bakura. Wani mahauci na fasa wa maruru a mazaunai. Kai, ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Ƙaho ya cika, na zubar, ya sake cika."

Ya ɗaga ƙahon ya leƙa cikinsa. Ƙudaje suka taso daga ciki, manya, koraye. A bakin ƙahon akwai abin da ya bushe ya yi baƙi, a can ciki kuma akwai wanda bai bushe ba. Buba ya kafa baki a tsinin ya hura, wani guda ya faɗo kan tabarma dab da ƙafar Magaji. Ya sa babban yatsa ya murje shi. Ya jawo aska, ya tofa yawun goro a kan dutsen washi, ya wasa, ya goge ta a tafin ƙafarsa mai faso, ya sake gogewa a wani tsumma da ba a san launinsa na asali ba.

Magaji ya kau da fuska ya tofar. Duk tsagar da aka yi masa a duniya a baya aka yi ta, yana kallon gabas ana aiki a yamma. Bai taɓa zama ya ƙare wa kayan kallo ba sai yau. Wannan ƙahon, daga mazaunan mahauci, shi za a kafa a ƙirjin yarinyar da ya goya, wurin da jinjiri zai sa baki.

"Kafin su shirya bari in ɗan gyara maka kai," in ji Buba, yana ɗaga askar.

Magaji ya dafe hularsa da hannu biyu. "Kaina lafiya lau yake. Zauna nan, kada ka motsa."

Ya tashi ya zagaya bayan ɗakin mai jego, inda wata 'yar taga take. Ya yi sa'a an sauke tuwo, matan sun fito tsakar gida, Hajiya Fatima ma ta fita wanke hannu. Da ya kai fuska tagar, wani tururi ya buge shi, kashin shanu da ya ji zafin jiki, da tsamin nono, da gumi. Sai da ya ja da baya ya tofar, sannan ya toshe hanci da bakin rawani ya dawo.

"Amaryata. Haka za ki tarbi ango, da turaren garke?"

Ba ta yi dariya ba. Tana zaune ta jingina da bango, ta ware hannuwa nesa da jiki kamar kazar da ta ji zafi, don ko zane ya taɓa ta sai ta cije leɓe. Ƙudaje na bin ƙirjinta.

"Kaka, don Allah kada ka bari a yanka ni."

"To mi ya kawo wannan? Ke ba ki ba yaron ne?"

Ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Ta yaya? Tun da na haihu ba a bar ni ni kaɗai ba. Da farko sunka ce a jira dakashi ya wuce. Da ruwan ya zo, Hajiya na nan bakin gado, in ta tashi ƙanwarta ta zauna. In ɗauki ɗan fari in buɗe ƙirji gaban uwar mijina? Kowa ya shigo sai ya ce ina da kunya. In yana kuka ji nake kamar ƙirjina zai tsage, sai in juya ma bango. Da sunka matsa in ba shi, ya riga ya yi tauri, ya kasa kamawa."

Magaji ya dafe kai. Wato yabon da yake ji yana gyara zama, shi ne wannan. An taru an yabi yarinya har an kusa kai ta ga askar Buba. Tir, in ji shi a ransa, tir da taron tsofaffin banza, har da wanda ke gindin darbejiya.

Akwai Taiba, ɗiyar ƙanensa, ma'aikaciyar jinya ce a Talata Mafara. Malamar allura yake ce mata, kuma bai taɓa yarda ta ko auna shi ba. Ita ta saya masa waya ta nuna masa inda zai danna in yana nemanta. Bai taɓa dannawa ba sai ranar.

"Baba, lafiya? Jikin ne?"

"Jikina ya fi naki. Hawo babur ki taho, ga Hamdiyya nan za a yi wa fiɗa."

Kafin ta iso sai da ya yi yaƙi. Hindu ta fito ta ce ana jiran wanzami. Ya ce wanzami na hutawa. Ta sake fitowa, ya ce askar ba ta yi kaifi ba. Buba ya ce wallahi ta yi, Magaji ya ce in ya sake magana zai ji sanda. Bayan azahar babur ya tsaya, Taiba ta sauko da hijabinta da 'yar jaka, ta durƙusa ta gaishe shi a gurguje, ta dubi ƙahon da ke kan tabarma, ta dubi Magaji. Ya nuna mata cikin gida da haɓa.

Bai daɗe ba ya ji hayaniya ta tashi. Ya bi sawu har ƙofar ɗakin. Taiba ta fito, idonta ya yi ja.

"Baba, na duba. Jikinta bai yi zafi ba, wurin bai yi ja ba, babu ƙurji. Cika ne kawai, nono ya taru ba a sha ba. In anka bar shi haka, ko anka sa aska, nan ne zai zama ciwo na gaske. Maganinsa yaron nan ne. Amma ba ta iya sakin jiki ɗaki cike da mutane, kuma sun ce ba su fita."

Daga ciki muryar Hajiya Fatima ta fito. "Mu da munka haifi goma munka yaye, yarinya za ta koya muna? Nonon da ya kashe tururuwa! Ina nan zaune, in ga mai ba jikana guba."

Namiji ba ya shiga ɗakin jego, kowa ya sani. Magaji ya cika ƙirji da iskar waje, ya ɗaga labule ya shiga. Mata sun kai goma a ciki, wasu kan gado, wasu a ƙasa, ga kwanonin tuwo da ba a kwashe ba, ga wata tana fyace majina a gefen zane.

"Sannunku da aiki," in ji shi. "Hajiya, sannu da zama. Na ji an ce ba a fita, to ni ma na zo a zauna da ni. Kai, ɗakin ga da zafi."

Ya jingina sanda, ya tuɓe babbar riga ya ajiye. Ya cire 'yar ciki. Matan suka fara kallon juna.

"Tun da ana duba jikin mutane a bainar jama'a, bari a duba nawa. Akwai inda ƙugiyar jirgi ta kama ni ranar da munka kife, nan ƙasan ƙugu, ban taɓa nuna ma kowa ba. Hajiya, ke da kika haifi goma, ke za ki fara gani."

Ya kai hannu ga mazagin wando.

"Innalillahi! Tsohon ga ya taɓu!"

"Yaya, ka ji tsoron Allah!"

Ƙofar ta yi musu kaɗan. Wata ta taka kwanon miya, wata ta bar takalmi. Hajiya Fatima ce ta ƙarshe, ta fita da mayafi a fuska tana salati. Can gefe ya ji wani ɗan sauti, ashe Hamdiyya ce, dariya ta kama ta tana riƙe da hammata don zafi.

Ya mai da rigarsa, ya fito ya zauna a bakin ƙofa, ya ba ɗakin baya, ya gitta sanda a kan gwiwa. Taiba ta sa aka miƙo ruwan ɗumi da sabulu. Jim kaɗan ta turo wata roba ta ƙarƙashin labule.

"Baba, a zubar."

Ya duba. Ruwa kore-kore, da ɓarɓashin ciyawar da saniya ta ci tana yawo a sama. Ya kira Hindu. "Zo ki ɗauki kayanki. Can bayan gari, ba cikin gidana ba."

Ba don yana so ba, kunnensa ya jiyo sauran. Muryar Taiba a hankali take, kamar mai lallashin akuyar da ta firgita.

"Wannan tsumman mai ɗumi, ɗan jim kaɗan za ki ɗora, don ruwan ya saki. Kada ki murza da ƙarfi, su Inna sun murje ki har kin yi tabo. Shafa za ki yi sama-sama, ki nufi hammata. Yawwa. Yanzu sa kan yatsunki nan kewayen baƙin, ki danna ciki a hankali ki riƙe. Kin ji ya fara laushi? To matso kaɗan, kaɗan dai, don ya samu wurin kamawa. Ba tatse shi duka za ki yi ba."

Hamdiyya ta ja numfashi ta haƙora. Aka ɗauko yaron. Ya tsala ihu, ya ƙi. Aka sake, ya zame. Daga tsakar gida Hajiya Fatima ta ɗaga murya.

"Kun ji ko! Jinjiri ma ya san abin da zai kashe shi. A kira wanzami!"

Wasu suka taso. Magaji ya ɗaga sanda ya buga a ƙasa, ƙura ta tashi. Gumi na bin bayansa. Ya san in yaron ya ƙi har la'asar, bakinsa ya mutu a gidan nan, Buba kuwa na nan ƙofar gida da ƙahonsa.

"Juyo shi, cikinsa ya taɓa cikinki," in ji Taiba. "Bari ya wage baki sosai tukuna. Jira. Jira. Yanzu."

Kukan ya yanke kamar an rufe tukunya. Shiru. Sai wani ɗan sauti, ƙwat, ƙwat, ƙwat, na maƙogwaron da ya daɗe yana jira. Hamdiyya ta saki wata ajiyar zuciya mai rawa.

"Wayyo Anti, ɗayan ma zuba yake."

"Bar shi ya zuba, tara tsumma. In ya saki wannan ki ba shi wancan."

Magaji ya dubi matan tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, ya gyara rawani. Sai ya aika aka ce wa Buba ya tattara ya tafi, ya haɗa da tabarmar, an ba shi.

Da yaron ya ƙoshi ya yi barci, Taiba ta jiƙa tsumma da ruwan randa mai sanyi ta ɗora wa Hamdiyya, ta ce haka za ta riƙa yi bayan kowane sha har kumburin ya sauka. Ta fito ta tsaya inda kowa zai ji. A ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana, kowane ɓangare. A daina madarar akuya. Kada a sake shafa komi. In zazzaɓi ya zo, ko wuri ya yi ja yana zafi, a kawo ta asibiti ranar, kada a kwana. Matan suka saurara da baki a tunzure. Taiba ta ce ita za ta koma, tana da aiki da safe.

A zaure ta tsaya ta ce da Magaji, "Baba, yau kam an samu. Amma ba kullum za ka tuɓe riga ba. In ta koma kau da kai, jibi muna nan inda munka fara."

"Ni da na kwana daji da 'yan bindiga, tsaron ƙofa ɗaya zai gagare ni?"

Ya koma ya zauna. Sai dai ko gwani yana da salla. Da aka kira la'asar ya tafi masallaci, yana dawowa ya tarar da takalman Hajiya Fatima a bakin ɗakin, yaron kuma ya farka ya fara. Ya tsaya bayan labule, ya leƙa ta gefe.

Hajiya na bakin gado, wurinta na da, ta haɗe fuska. Yaron na tsakaninsu yana wutsil-wutsil, kukan na ƙaruwa. Hamdiyya ta sunkuyar da kai, gaban rigarta ya jiƙe. Ta dubi bango, inda ta saba juyawa. Magaji ya ji hannunsa ya ƙanƙame sanda. Bai yi tari ba, bai yi gyaran murya ba.

Hamdiyya ta miƙa hannu, ta ɗauki ɗanta, ta ja mayafi ta rufe kafaɗa, ta sa shi. Kukan ya tsaya.

Hajiya Fatima ta zuba mata ido, har Magaji ya ɗauka tashi za ta yi ta haɗa kayanta. Can ta juya ta fuskanci ƙofa, ta ba su baya, ta ɓare goro ta jefa a baki.

"Tallafe masa ƙeya," ta ce, ba ta waiwaya ba. "Wuyansa bai yi ƙwari ba."